Tidjani da Jita Mai Tsirkiya Huɗu

A Zongo kowa ya san Tidjani da sayar da shinkafa a kasuwar Dantokpa, amma shi a ransa masanin kiɗan Turawa da ake kira rok yake ɗaukar kansa. Abin ya faro ne tun yana saurayi yana dako a tashar jiragen ruwa, ranar da wani ma'aikacin jirgi ya miƙa masa kaset a matsayin tukwici. Ba rubutu a jikinsa, ba hoto. Tidjani bai san sunan makaɗan ba, bai kuma jin ko kalma ɗaya cikin abin da mawaƙin yake ihu a kai. Abin da ya kama shi ita ce jitar nan mai kaurin murya da ake kira bas, wadda take tafiya a ƙarƙashin hayaniyar. A waƙa ta uku tana hawa, ta sauko, sai a tsakiya ta yi wata irin nutsewa, kamar kwalekwalen da ruwa ya ja ƙasa kafin ya sake shi.

Shekara talatin yana sauraron wurin nan. A majalisarsu ta bayan La'asar ya sha yi wa abokansa bayani cewa duk wanda ya bi muryar mawaƙi a rok bai san kiɗa ba. Ya ce mai bas ɗin nan, ko wane ne, mutum ne da ya taɓa binne wani nasa, don mai ƙoshin rai ba zai iya nutsar da kiɗa haka ba. Maharazu, abokinsa mai sayar da atamfa, yakan gyaɗa kai ne kawai don a ƙyale shi ya sha shayinsa.

Bara Tidjani ya ga jitar bas cikin kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai, ya saya. Maharazu ya ƙirga tsirkiyoyin, ya ga huɗu, ya ce an cuce shi, biyu sun tsinke. Tidjani ya yi masa dariyar da mai ilimi yake yi wa jahili, don ita bas dama tsirkiya huɗu gare ta. Sai dai da ya kai ta gida, wata uku yana fama, yatsunsa suka yi kanta, nutsewar nan ta ƙi fitowa. Matarsa Labiba ta ce ita dai abin da take ji kamar ana jan igiyar shanya.

'Yarsa Safwana ce ta ba shi labarin Farid, wani mai gyaran kayan kiɗa a unguwar Placodji da yake koyarwa. Ranar Lahadi da hantsi Tidjani ya hau zem, wato babur ɗin haya, jitar a goye, yana faɗa wa kansa ba koyo za shi ba, shawara ce tsakanin masana biyu.

Shagon Farid yana bayan wurin da masunta suke shanya koma. Tidjani ya gaishe shi, ya zauna, ya ba shi tarihin kaset ɗin tun daga farko, har da batun mamacin. Farid ya saurara da ladabi, ya sa kaset ɗin a wata tsohuwar rediyo, ya kara wayarsa a bakin lasifika. Nan take wayar ta nemo waƙar. Farid ya ce bari su ji ta tsaf daga wayar.

Tidjani ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa yana jiran wurin. Bas ta hau, ta sauko, ta wuce abinta kamar mai zuwa aike. Ba ta nutse ba. Ya ce a maimaita. Aka maimaita sau uku. Ya ce ai wannan ta jabu ce.

Farid bai yi musu ba. Ya ciro kaset ɗin, ya zura biro ya juya a hankali har zaren ya zo wani wuri da ya yamutse, tsawon ɗan yatsa.

"Baba, ga nutsewarku nan," in ji shi. "Rediyo ce ta taɓa taune shi."

Sai a lokacin Tidjani ya tuna. A ranar farko da ya kai kaset ɗin gida, rediyon yayansa ta cafke zaren, shi da kansa ya zaro shi ya naɗe. Ya daɗe yana kallon wurin. Duk hawayen da ya taɓa ɓoyewa, duk wa'azin da ya yi wa Maharazu, ashe a kan aikin rediyo ne mai mataccen batir.

"Wato mutumin bai binne kowa ba," ya ce.

"Allah ne masani, Baba. Amma a wannan waƙar lafiyarsa ƙalau."

Dariya ta ƙwace wa Tidjani har sai da ya dafa gwiwa. Farid ya ɗauki jitar ya nuna masa cewa in aka zame yatsa a kan tsirkiya ta ƙasa ana iya kwaikwayon abin, kuma ya ce gaskiya yana da daɗi. Tidjani ya ce a'a, ya isa, ba zai zo tun daga Zongo don koyon kiɗan rediyon yayansa ba. A koya masa na ainihin.

A hanya ya so ya rufe zancen, amma ya san Safwana za ta tambaya, kuma abin da Safwana ta sani Labiba ta sani. Don haka washegari shi ya fara kai labarin majalisa, bai rage komai ba. Maharazu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ce yanzu sai su je su yi wa rediyon ta'aziyya.

Tun daga nan duk Lahadi Tidjani yana Placodji. Farid ya ce kiɗan bai da wuya, ɗalibansa sukan kama shi cikin mako biyu. Tidjani ya shiga wata na biyar. Safwana ta sa masa waƙar a waya, yana saurara a shago tsakanin buhunan shinkafa in ciniki ya lafa, kuma har yanzu in an zo tsakiyar waƙar yakan riƙe numfashi kafin ya tuna.