Turancin Karin Kumallo

Tun ranar da ciwo ya kayar da Mai Agogo a bakin shagonsa, ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma ɗaure masa harshe, Inna ta koma wata mace dabam. Matar da a da in ta ɗaga murya a tsakar gida kajin maƙwabta ke neman maɓoya, yanzu sanɗa take yi a cikin ɗakinta. Mijin ne ya laƙaba mata suna Barkono tun suna amarci, unguwa kuma ta shaida bai yi mata ƙage ba. Amma barkonon ya sha ruwa ya yi laushi. Ba abin da kake ji daga bakinta sai "Sannu, Malam," da "A gyara maka filo, Malam?" Shi kuwa sai ido. Ya dube ta, ya dubi silin, ya lumshe.

Likita ya ce maganar tana iya dawowa, tana kuma iya ƙin dawowa. A wajen Inna bai faɗi komai ba ke nan, don ko ita da ba ta yi karatun likita ba ta san wannan.

Babban ɗansu, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo daga birnin da yake aiki da shawararsa a ƙulle. Zai tafi da Baba can gidansa, kusa da babban asibiti, Inna ta rufe gida ta bi su. Ta ce masa a hankali, mahaifinsa bai taɓa son kwana a wani gado ba sai nasa, ko ziyara suka je da hantsi yake fara duba agogo.

"Inna, wannan da ne," in ji Injiniya. "Yanzu Baba bai san inda yake ba. Nan da can duk ɗaya ne a wurinsa."

Maganar ta soke ta, ta haɗiye. Ita ta san mijinta yana nan cikin jikin nan, yana jin komai. Amma sani ba shaida ba ne, kuma ba ta da abin da za ta nuna wa ɗanta. In Malam bai buɗe baki ba kafin ranar tafiya, za a ɗauke shi kamar kaya daga ɗakin da ya tsufa a ciki, ba tare da an tambaye shi ba.

A kan kabad ɗin da ke kusa da gadon akwai wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, eriyarta a karye an ɗaure da waya. Duk sanda Inna ta kai hannu za ta goge ta, sai ta tsinci kanta a can baya, lokacin da suke haya a ɗaki ɗaya da falo, yara na ƙanana.

A lokacin shagon Mai Agogo yana kusa da wani otal da baƙi ke sauka, sukan kawo masa gyara, shi kuma yana jin haushin karɓar agogo da miƙa agogo kamar kurma. Sai ya sayi rediyon nan saboda wani shiri na koyar da Turanci. Shirin kashi biyu ne. Darasin nahawu da hantsi ake yi, lokacin yana shago, ita kuma tana fama da wanki. Na karin magana da salon zance shi ke zuwa da sassafe, daidai lokacin da ta sauke shayi. Haka suka yi shekara da shekaru suna kwasar karin maganar Turawa, ba su san Turancin da ake sa shi a ciki ba. Gishiri suka tara buhu guda, ba abincin da za a barbaɗa wa.

Malamin rediyon yana da wata ɗabi'a. Zai faɗi rabin magana, ya yi shiru, ya bar masu saurare su ƙarasa. Mai Agogo kan tsaya da burodi a hannu, ya daka amsa kamar malamin yana tsakar gida. Inna da farko dariya take yi masa, ta ce mutum da gemunsa ya koma aji ɗaya. Ba a jima ba ta fara riga shi. Daga nan abin ya zama nasu: ɗaya ya fara, ɗaya ya ƙarasa, kuma doka ce wanda ya fara ba ya ƙarasawa, ko da za a wuni.

Ya taɓa gwada kayansa a kan wani baƙo da ya kawo agogon da ya daɗe yana ciwo ba a kula ba. Ya ɗago kai da gilashin gyara a ido ɗaya, ya ce, "A stitch in time saves nine," wato ɓarakar da aka ɗinke da wuri ba ta zama yagewa. Baƙon ya yi murna ya samu ɗan'uwa, ya saki Turanci kamar an buɗe famfo. Mai Agogo ya yi ta gyaɗa kai har mutumin ya gaji. Da ya dawo gida yana ba ta labari, sai da ta yi dariya har ta ƙware.

Inda Turancin ya yi musu rana shi ne a cikin gida. In ya leƙo ya ce, "The coast is clear," ta san yara sun tafi makaranta, sai ta sauko da gwangwanin biskit ɗin da suke ɓoyewa a bayan akwati, su ci su biyu kamar ɓarayi. In yayarsa ta zo ta fara tono tsohon rikicin dangi, sai ya ce wa kofin shayinsa, "Let sleeping dogs lie," Inna ta gane cewa kada ta tanka, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya fi yawan furtawa kuwa, saboda shi aka fi bukata, shi ne na ranar da barkono ya tashi. Tana cikin zazzaga wa mai kawo ruwa ko mai gidan haya, sai ta ji daga bayanta, a sanyaye, "Hold your horses." Ja linzamin doki ke nan, a bi a hankali. Ita kuma kullum amsarta ɗaya: "Dokin da ka saya mini?" Daga nan dariya ta ci ƙarfin faɗan.

Wanda ya kashe wasan a tsakar gida shi ne Injiniya, lokacin bai zama injiniya ba. Ya dawo hutunsa na farko daga makarantar kwana, da farar riga da sabon taku. Uban ya kwana biyu yana shirin tarbarsa. Suna zaune ana shan shayi, ya dubi ɗansa fuska cike da fara'a, ya ce, "East or west," ya yi shiru yana jira. Ƙarshen maganar ko Inna ta san shi tun tuni, cewa duk inda ka je, gabas ko yamma, gida ya fi.

Yaron ya tuntsire da dariya. "Baba, wannan ai Turancin kakanni ne. Ba mai faɗin haka yanzu. In ka faɗa a makarantarmu sai an yi mako ana yi maka dariya."

Mai Agogo ya yi murmushi, ya ce to, ai shi ya sa aka kai ka. Ya shanye shayinsa ya tafi shago. Bai sake yin Turanci a gaban 'ya'yansa ba. Wasan ya koma ƙuryar ɗaki, tsakaninsa da matarsa, ita kuwa wannan magana guda ba wanda ya sake taɓa ta a cikinsu. Yaron ya manta tun kafin hutun ya ƙare. Inna ba ta manta ba.

A cikin jinyar nan ta gwada. In ba kowa sai ta matso kusa da kunnensa, ta rage murya kamar mai lallashin jariri, ta ce, "A stitch in time," ta jira. Shiru. Ta kunna rediyon, ta murɗa ta murɗa, ba malami ba darasi, sai kiɗa da tallan sabulu. Ta kashe, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta inda ba zai gani ba. Kewar muryarsa take yi, har da tsokanar da a da ke ba ta haushi.

Ranar tafiya ta zo. Tun da safe mota ke ƙofar gida, direba na jidar jakunkuna. An yi wa Mai Agogo wanka, an sa masa riga, an zaunar da shi a keken marasa lafiya a tsakiyar ɗaki. Inna na naɗe zannuwan gado. Injiniya ya shigo yana duba abin da ya rage, waya a kunne. Ya ɗauki rediyon da yatsa biyu ta madaurinta, ya haɗa da akwatin kayan gyaran agogo, ya miƙa wa direba.

"Wannan tarkacen ka ajiye a waje, masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauka. Can akwai talabijin a ɗakinsa."

Inna ta saki zanin da ke hannunta.

"Kai, ajiye. Na ce ajiye!" Direba ya dire kayan kamar sun ƙone shi. Ta juya kan ɗanta. "Tarkace? Wannan akwatin ne tarkace? Da ɗan sukudireban da ke ciki aka yi maka rigar makarantar da ka dawo kana yi mana taƙama da ita. Idon mutumin nan ya ƙare a cikin agogon mutane don ka zama abin da ka zama, yau ka shigo da waya a kunne kana nuna kayansa da baki? Tun da ka zo ka durƙusa ka tambaye shi ko yana son tafiya? Ka ce bai san inda yake ba. Kai ka san inda kake? A ɗakin ubanka kake, in ka manta in tuna maka."

"Inna, don Allah, ni lafiyarsa nake..."

"Rufe mini baki, ban gama ba. Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Na yi shiru na yi shiru, kun ɗauka..."

"Hol..."

Ba ta ji ba da farko, don ta yi nisa. Injiniya ne ya juya.

"Hol... yo... hosis."

Muryar ta fito a karkace, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Mai Agogo yana kallon matarsa, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Duk lallashin da ta yi bai same shi ba, ashe matar da ya sani yake jira.

Ta zauna a bakin gado. Hawaye na zuba, ta ce, "Dokin da ka saya mini?"

Kafaɗarsa ta hagu ta girgiza. Dariya yake yi.

Injiniya ya sa wayar a aljihu, ya durƙusa a gaban keken. "Baba, ka ji ni? Za ka bi ni mu tafi? Can akwai likitoci." Uban ya motsa baki, ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito.

"Ba haka ake tambayarsa ba," in ji Inna. Ta share fuska da gefen mayafi, ta kama hannun mijinta. Ba ta rage murya ba wannan karon. "East or west."

A waje injin mota na ta aiki. Mai Agogo ya ja numfashi, ya dubi kabad, ya dubi taga, ya dawo da ido kan ɗansa.

"Hom," ya ce.

Sauran ya maƙale. Ya sake gwadawa, ya ƙi fitowa. Maganar na kan harshen Inna, amma ita ta fara, kuma wanda ya fara ba ya ƙarasawa. Ta danne bakinta, ta zuba wa ɗanta ido.

Injiniya ya daɗe a durƙushe. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, don fuskarsa ta koma ta yaron nan mai farar riga. Ya sunkuyar da kai.

"Is best," ya ce a hankali. "Home is best, Baba."

Ya miƙe, ya ce zai nemi mai gasa jiki ya riƙa zuwa gida, wajen likita kuma a riƙa kai Baba ana dawo da shi. Ya ɗauki rediyon da hannu biyu ya mayar kan kabad, ya gyara mata eriya. Sannan ya leƙa waje ya ce wa direba ya kashe mota, a shigo da jakunkuna.