Ƙarfen da Sulemanu ya kafa

Aradu ta faɗa gidan Maiwada a cikin daminar shekarar da ya rantse da ita, kuma ɗansa Sulemanu ne ya jawo ta da hannunsa, saboda wani wasan zane na talabijin.

Maiwada tsoho ne a wata unguwa da ke bayan Ƙarfi. Da 'yan mishan suka zo, 'ya'yansa duk suka bi su. Maƙwabtansa kuwa masu salla ne. Shi ya ce a bar shi a kan abin da ya tarar da ubansa. Ba ya ƙarya, wannan kowa ya sani. In an yi rikicin iyakar gona shi ake ɗaukowa, ya nuna da sandarsa, magana ta mutu.

A bazarar shekarar nan rikicin ya zo kansa. Maƙwabcinsa Aƙilu ya ce fadamar da Maiwada yake noman rake a cikinta ta kakansa ce, aro aka ba uban Maiwada. Aka je gaban dagaci, babu shaida mai rai. Maiwada ya sa aka ɗauko masa gatarin aradu, wani baƙin dutse mai santsi da ya gada, ya ɗora hannu a kai, ya ce in fadamar nan ba ta ubansa ba ce, kada ruwa ya ɗauke aradu ba ta nuna shi ba. Aƙilu ya ce ya yarda. Dagaci ya ce to, a jira kaka. In damina ta wuce lafiya, fadama ta Maiwada ce har jikokinsa.

Sulemanu yana wurin aka yi wannan rantsuwa, da kunnensa ya ji. Shi ne babban ɗan Maiwada, ba yaro ba ne, har da furfura a gemu. Yana da shanun huɗa, gida ɗaya suke da tsohon, danga ce kawai tsakaninsu. Ƙanensa Enoch, da ke aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtua, shi ya kawo masa ƙaramin akwatin talabijin mai baƙi da fari, wanda ake jona wa batirin mota. Da farko labarai ake kallo da kokawa. Rannan, wata Alhamis bayan la'asar, ya kunna don yara, sai aka sa wasan zanen. Yara suka gaji suka fita wasa, shi ya kasa tashi.

Labarin wasu mutane ne masu manyan idanu da ƙasarsu ta ƙone ƙurmus, ba ta fitar da ko ciyawa. Suka shiga wani jirgin ƙarfe suna yawo cikin taurari. Wata tsohuwar mace ce ke jagorantarsu, da 'yar jakar iri rataye a wuyanta, suna neman inda za su shuka. Duk inda suka sauka sai wasu ƙattin ƙaguwa na ƙarfe su kore su. Da Turanci ake maganar, Sulemanu kuwa ba ya ji, amma bai damu ba. Ya sa wa matar suna Tsohuwa. Shi da ya ga farin da aka yi shekarun baya, ya shuka iri ya tono shi a bushe, ba ya bukatar tafinta ya gaya masa me ke cikin jakar nan. Abdussamad mai gyaran rediyo a Malumfashi, inda yake kai batir caji a bayan keke, shi ya gaya masa a Japan ake zana wasan, ƙasar da ake ƙera babura.

Alhamis ta zama wata aba a gidan. Ko rabin kunya ta rage a gonar mutum, in rana ta karkata Sulemanu zai kwance shanu ya tafi. Matarsa Roda ta yi magana har ta gaji. Ta ce ko taron coci bai taɓa yi wa wannan sauri ba, wai ƙato da shi yana zubar da hawaye a kan 'yan zane. Ya ce mata ita ba ta gane ba ne, matar nan ita kaɗai ta rage da iri.

Matsalar ita ce daga Kaduna ake watso wasan, hoton kuma ba ya fita, sai yayyafi, wani lokaci murya kawai. Ya ɗaura eriya a kan gora, ba ta yi ba. Sai ya samo dogon bututun ƙarfe daga Funtua, ya haɗa da wani, ya ɗaura eriyar a bisa. Wurin da ya fi tudu a gidan shi ne gindin rumbun Maiwada, nan ya kafa shi, ya ɗaure da igiya a jikin rumbun. Hoto ya fito tas, har ana ganin zaren jakar Tsohuwa.

Abdussamad ya gargaɗe shi, ya ce ƙarfe mai tsawo haka kiran tsawa yake yi, duk sa'ad da hadari ya haɗu a kwantar da shi ƙasa. Sulemanu ya ji, kuma ya yi ta yin haka a farkon damina. Amma aiki ne. Sai an nemo maza biyu sun riƙe, in an sake tayarwa kuma sai an yi ta juyawa, wani yana ciki yana ihun ya yi ko bai yi ba. Tsohon bai san wannan magana ba. Shi dai ya ce a yi hankali kada a fasa masa rumbu.

Cikin watan Agusta wasan ya kai wani wuri. Jirgin ya sauka a wata ƙasa mai baƙar laka, ga rafi, babu ƙaguwa ko ɗaya. Tsohuwa ta durƙusa, ta kai hannu wuyanta, sai aka yanke. Sulemanu ya yi mako yana huɗa yana tunanin hannun nan.

Ranar Alhamis tun azahar gabas ta yi baƙi. Da la'asar iska ta taso, kaji suka shige akurki. Roda ta tsaya a bakin ɗaki tana kallon bututun yana rawa.

"Baban Liatu, a kwantar da ƙarfen nan."

"Yanzu za a fara."

"Ka san abin da Baba ya rantse da shi."

Ya ce mata su ai Kirista ne, ba su yarda da wannan ba. Ta ce ba maganar abin da suka yarda da shi take yi ba, maganar abin da mutanen gari suka yarda da shi take yi. Kiɗan farkon wasan ya riga ya fara. Ya ce a ransa hadarin zai ba shi ɗan lokaci, da an gama zai sauke.

Bai ga komai ba sai fari. Da ya farfaɗo yana kwance a gindin bango, kunnensa na ƙara, akwatin yana hayaƙi. Ya rarrafo waje ya ga jinkar rumbun ubansa tana ci bal-bal a cikin ruwan sama. Mata suka ruga rugar Hajjo Bafulatana neman nono, don an ce da shi ake kashe wutar aradu. Maza suka kawo ƙasa da bokiti. Aƙilu ma yana cikinsu, shi ya fi kowa ƙoƙari, har ya ƙona hannu. Ba a rasa rai ba, amma dawar bara ta tafi.

Wuta ta mutu. Suka tsaya suna kallon tsohon, shi kuma yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da sandarsa, ruwa na zuba a kansa. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ba wanda ya yi masa jaje.

Da aka koma gaban dagaci, Sulemanu ya tashi ya faɗi gaskiya. Ya ce laifinsa ne, ƙarfen ne ya kira tsawa, an gargaɗe shi ya ƙi ji. Har ya ɗauko Abdussamad daga Malumfashi a kan keke, ya zo ya yi bayani. Mutane suka saurara. Sai Aƙilu ya ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Ranka ya daɗe, Funtua cike take da ƙarfe. Ga layin dogo, ga kamfanin auduga, ga ƙararrawar cocinsu a nan kusa. Duk ta tsallake su, ta zo kan rumbun mutum ɗaya."

Sulemanu ya juya wurin fastonsu yana neman taimako. Fasto ya ce shi a wurinsa rantsuwa da aradu ba komai ba ce. Dagaci ya ce in haka ne, to rantsuwar da Maiwada yake riƙe da fadama da ita ma ba komai ba ce ke nan.

Duk da haka dagaci bai so ya yanke ba, don yana ganin girman tsohon. Ya fara maganar a raba fadamar biyu. Maiwada ne ya hana. Ya dogara sandarsa ya miƙe. Sulemanu ya riƙe masa riga yana cewa Baba ƙarfena ne, Baba ni ne. Tsohon ya cire hannunsa a hankali.

"Kai ka kafa ƙarfe, na ji. Wa ya sa ka kafa shi a jikin rumbuna? Aradu ba ta ɓatan hanya. Ni ban yi ƙarya ba, abin da ubana ya gaya mini na faɗa. To ashe shi ne ya yi mini."

Ya ce Aƙilu ya ɗauki fadamar duka, har da raken da ke ciki.

Sulemanu ya yi ta bin sa a gida yana bayani, da safe, da rana, har ya kawo misalin bishiyar giginya da tsawa ke yawan faɗa wa. Tsohon yakan saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko an ba shanu ruwa. Wata Alhamis Sulemanu ya kasa daurewa, ya hau keke ya tafi shagon Abdussamad ya tsaya a bayan yara masu kallon talabijin. Jirgin yana sama kuma, jakar tana wuyan Tsohuwa. Bai san me ya kore su daga ƙasar nan mai baƙar laka ba, yaran da ya tambaya kowa da abin da ya faɗa. Ya dawo gida bai gaya wa Roda inda ya je ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ruwa ya ɗauke. Aka yi rikicin iyaka a unguwar gaba, ba a aiko wa Maiwada ba, shi ma bai tambaya ba. Ya daina zama a dandali. Ɗan abin da Roda take kai masa, rabi yake ci.

Bisa al'adarsa, in an yi girbi yakan kai damin farko na sabuwar dawa kabarin ubansa da ke bakin fadama, ya zauna ya yi masa hira. Da kaka ta yi, Sulemanu ya ɗaure dami mai kyau ya ajiye masa a ƙofar ɗaki, ya ce zai raka shi, Aƙilu ma ya ce ba zai hana ba. Maiwada ya dubi damin, ya ce a ba awaki. Har ya mutu bai sake zuwa kabarin ba, kuma bai sake kiran sunan ubansa ba.