Yadda Uzairu ya kai Yahya ƙetaren kogi

Duk mai son buga ƙwallo a ƙauyen nan na kusa da Abu Hujar, sai ya biyo ta hannun Uzairu. Shi ya san ƙungiyar da ba ta da mai tsaron gida, shi ya san inda ake neman ɗan baya. Shekara goma sha biyar kuma riga mai lamba tara a jikinsa take, har ta koɗe, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalle ta.

To, sai ga Yahya, wani saurayi da yaƙi ya koro daga Khartoum, ya sauka gidan gwaggonsa. Uzairu da kansa ya tsinto shi yana zaman banza a gindin dalbejiya, ya ja shi fili. Kaico, da ya sani da ya bar shi a inuwarsa. Ranar farko yaron nan ya zura uku, ɗaya ma da hagu. Kawu Tahir, tsohon da ke zaɓen 'yan wasa, wanda bai taɓa yabon kowa ba, har ya cire hula yana fifita.

Kishi ya kama Uzairu, kishi na gaske. In an ce Yahya ya iya gudu, sai ya ce ai filin ne ya bushe. Matarsa Sakina ta taɓa cewa yaron akwai ladabi, ya yini bai yi mata magana ba. Ga wasan bayan girbi da ƙungiyar ƙetaren kogi saura sati uku, rigunan kuma goma sha ɗaya ne cif.

Wata safiya ya tare Yahya a bakin lambu, ya yi masa murmushin da bai kai ciki ba.

"Ƙanena, a nan benci za ka yi ta dumama, tsofaffi sun cika wuri. Mutanen ƙetare suna neman ɗan gaba. Na yi maka magana."

"Yaya Uzairu, Allah ya saka da alheri," in ji Yahya, har da riƙe masa hannu biyu.

Da Kawu Tahir ya tambayi dalilin komawar Yahya ƙetare, Uzairu ya kaɗa kai ya ce 'yan birni ke nan, an nuna masa takalmi sabo ya bi. Ƙauye ya ɗauka, aka yi ta tsine wa yaron.

Ranar wasa 'yan ƙetare suka iso da Yahya, Uzairu ya saka rigarsa, ya yi ta haki a fili kamar injin ban ruwa. An ci su huɗu da nema, uku daga ƙafar Yahya.

Al'adar ƙauyukan biyu kuwa, in an tashi wasa ba a watsewa. Masu gida su shimfiɗa tabarmi, a kawo jabana, wato gahawa mai citta, sannan gwanin baƙi ya miƙe ya gode wa wanda ya fi yi masa alheri. Uzairu ya manta da wannan sam, shi da ya sha miƙewa a ƙetare.

Yahya ya miƙe, Hausarsa tana cakuɗe da Larabci.

"Ni ban san kowa a ƙetare ba. Yaya Uzairu ne ya ce mini nan babu wuri, ya shiga kwalekwale da kansa ya kai ni. Ban da shi, da har yau ina zaune."

Mutanen ƙetare suka yi tafi. Masu gida kuwa suka juyo suna kallon Uzairu. Kawu Tahir, da ke zuba gahawa da hannunsa, ya bi layi finjali bayan finjali. Da ya iso kan Uzairu ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya tsallake ya zuba wa na gaba.