Tagogi a Littattafan Swaran

Parshad, halawar da ake rabawa bayan ibada, yana tafin hannuna da ɗuminsa, man shanu na bin yatsuna, sa'ad da ƙanin matata ya karɓi lasifika. Baktawar Singh shi ne shugaban kwamitin gurdwarar unguwarmu, wato gidan ibadarmu, a birnin Patiala, kuma mai shagon kayan gyaran tarakta. Tun da aka zaɓe shi ya samo wata murya mai rawa a ƙarshen magana, wadda masu sayen kaya a shagonsa ba su taɓa ji ba.

Ya ce motar gidan ƙonawa da ke bakin kogin Biyas za ta zo Lahadi mai zuwa, kowa ya kawo tsofaffin littattafan ibadarsa da suka yage, a kai su a sallame su da wuta kamar yadda ake sallamar dattijo, a zuba tokar a ruwa. Wannan ba sabon abu ba ne. Sai ya haɗa tafuka, ya sunkuyar da rawaninsa, ya ce kwamiti ya amince a haɗa da duk littattafan Turanci da ke ɗakin sama, na marigayiya yayarsa, matata Bibi Swaran Kaur, tunda akwai baitocin Guru, jagoran addininmu, a cikinsu kuma gara ta soma taɓa su.

Jama'a suka amsa da sunan Ubangiji, Waheguru. Ni ban amsa ba. Tun ranar da na kunna wa gawar Swaran wutar jana'iza sunan bai sake fita daga bakina ba. Ina zuwa gurdwara ne domin littattafanta suna can, kuma miyar wakensu ta fi wadda nake dafawa.

Swaran ta koyar da Turanci a kwalejin 'yan mata har ta yi ritaya, ni kuma tarihi a makarantar maza. Duk tsawon aurenmu tana tara abin da aka rubuta a kanmu da harshen Turawa. Akwai na tsohon ɗan mishan da ya fassara addininmu yana toshe hanci. Akwai na jami'an mulkin mallaka da suka so mu irin son da mutum yake yi wa dokinsa. Akwai na malamanmu na gida, masu rubutu kamar suna tsoron kada wani ya leƙo ta bayansu, da na furofesoshin ƙetare da suka auna labaran rayuwar Guru da ma'aunin tarihi har aka yi ta tsine musu a kan mumbari, da ƙananan littattafan raddi na mutanen da ba su karanta abin da suke wa raddin ba. Swaran ta yi faɗa da kowannensu da fensir a gefen shafi. Wani wuri ta rubuta “ƙarya”, wani wuri “jaki”, wani wuri kuma, da ƙananan haruffa, “kash, yana da gaskiya”. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta ba da su duka ga gurdwara domin ɗalibai, ta damƙa mini makullin ɗakin. Ba gara a ɗakin nan. Ni nake share shi.

Na tare Baktawar a wurin ajiye takalma, yana neman nasa da ƙafa.

“Jija ji,” ya ce, yadda ake kiran mijin yaya, “na san za ka ji wani iri. Hidima ce.”

“Bara ka ce guba ne, Shugaba. Bana sun zama dattawa har za a yi musu jana'iza? Wace gurdwara suka yi wa shara suka samu wannan ɗaukaka?”

“Gubar tana nan. Amma a cikin gubar akwai Maganar Guru, ga 'yan kwaleji suna lasar yatsa suna buɗe shafi, kai ba ɗankwali. Ceto za mu yi.”

“Ka taɓa buɗe ko ɗaya?”

“Sai na ci kashi zan san yana wari?”

“A'a. Amma kai da ko kwalin maganinka sai jikarka ta karanta maka, wa ya shinshino maka?”

Masu ɗaura takalma suka rage sauri. Baktawar ya yi murmushin da yake yi wa manomin da ya kawo kayan da ya saya jiya yana so a canza.

“Kun yi karatu, Jija ji, kai da Bhen ji, yayata. Ni aka cire daga aji aka zaunar a shago domin a kai ta kwaleji. Ban yi fushi ba. Ga shi yau ni ke riƙe da gidan Guru, kai kuma kana riƙe da makulli.”

“To ba ni su in kai gida.”

“Abin da aka ba Guru ba ya komawa.” Ya matso har na ji ƙanshin man gemunsa, amma bai rage murya ba. “Kuma ko yana komawa, wane gida? Wanda kwalba take bayan gwangwanin shinkafa? Baitin Guru ya kwana ɗaki ɗaya da barasa? Haba, Master ji. Kai ne fa mai ilmin.”

Ya samu takalminsa ya tafi. Ban san wa ya gaya masa zancen gwangwanin shinkafa ba, amma a unguwarmu ko tari ka yi a banɗaki sai an kawo maka magani daga layi na gaba. Kuma ya faɗi daidai. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Washegari na je wurin Gyani Atma Singh, mai karanta mana Littafin Guru, tsoho mai sanyin hali wanda bai taɓa saɓa wa wani kwamiti ba, ko da kwamitocin suna saɓa wa juna. Na same shi a baranda da almakashi da tarin katunan biki. Mutanenmu ba sa buga katin aure sai da baiti a samansa, bayan biki kuma su rasa yadda za su yi da shi, sai su kawo gurdwara. Gyani yana yanke baitin ya sa a akwatin da motar za ta ɗauka, sauran katin ya jefa a kwando.

Na zauna ina kallonsa.

“Gyani ji, wannan da kake jefawa a kwando fa?”

“Sunan ango da amarya ne da adireshin otal, Master ji. Takarda ce.”

“Ɗazu tare suke da baitin.”

“Ɗazu ɗazu ne. An raba su.”

“In da fassarar Turanci a ƙasan baitin fa?”

“Inuwa ce. Ba a yi wa inuwa jana'iza.”

“Za ka maimaita wannan ranar Lahadi?”

Almakashin ya tsaya da baki a buɗe. Tsoho ne amma ba wawa ba.

“Master ji, ka ji tausayina. Ɗakin da nake kwana na kwamiti ne. Ina da 'ya'ya mata a gabana.”

“Ban ce ka yi jarumtaka ba, na san ba sana'arka ba ce. Tambaya kawai zan yi maka gaban jama'a. Ko dai ragowar katin takarda ce, ko kuma shekara da shekaru kana zuba abin girmamawa a kwandon shara. Ka zaɓi wadda za ka iya kwana da ita.”

Na bar shi yana kallon kwandon kamar akwai maciji a ciki.

Makon nan gaba ɗaya na yi shi a ɗakin sama. Nakan wanke hannu, in gyara rawani, in shimfiɗa farin ƙyalle, in sa ɓallin gilashi a ƙarƙashin shafi, in bi gefen kowane baiti da aka buga da harafin Gurmukhi, rubutun addininmu, da reza. Zafin kafin damina ne, irin wanda kare ma ba ya haushi, amma ban kunna fanka ba, kada wani yanki ya tashi ya faɗi ƙasa. Wanda ya daina kiran sunan Ubangiji ba lalle ne ya daina sanin ladabi ba.

Takarda fuska biyu gare ta. Duk baitin da na cire yakan tafi da abin da ke bayansa: rabin hujjar wani furofesa, shekarar wani yaƙi, wani lokaci rubutun Swaran. A wani shafi ta fara da sunana, “Hardiyal yana cewa”, sauran ya bi rezar. Ban tsaya karanta shi ba kafin in yanka, da na gama kuma ban juya yankin ba. Duk abin da na ce, na tabbata ta ƙaryata shi.

Abin da ya gagare ni shi ne manyan juzu'an fassara masu koren bango. Su kowane shafi baiti ne daga sama har ƙasa, Turanci yana biye da shi layi-layi. In an yanke, abin da zai rage bai fi matsefi ba. Su ne take karantawa kowace safiya kafin shayi, kuma a nan fensirinta ya fi yawa, ba zagi, sai gyara a hankali kamar mai yi wa yaro kitso. Na ɗaure su a ƙasan wani dami, na jera masu ramuka a kansu.

Ranar Lahadi motar ta zo da furanni a goshinta. Bayan addu'ar tsaye aka fara fito da kaya, mutane ba takalmi, kowa da ƙunshinsa a ka, wani yana yayyafa ruwa a gaba. Ni kuma na sauko da damunana na jera a keken haya a bakin ƙofa, sa'an nan na ɗauko ƙunshin siliki a kaina na kai gaban Baktawar.

“Ga Maganar Guru da ke ɗakin sama, Shugaba. Ko wasali ban bari ba. Karɓi hidimarka.”

Ya buɗe ƙunshin, ya ga yankunan takarda a jere. Ya je wurin keken, ya zaro littafi ɗaya, ya buɗe. Idonsa ya bayyana ta cikin ramin yana kallona, ja kamar gauta.

“Ka sa reza a Maganar Guru?”

“A gefenta. Yadda Gyani ji yake yi wa katunan biki, har da na auren ɗanka, mai ruwan zinariya. Gyani ji! In an cire baiti, me ya rage?”

Gyani Atma Singh ya dubi shugabansa, ya dubi akwatin katunan da ake sawa a mota a daidai lokacin, ya dubi yatsun ƙafarsa.

“Takarda,” ya ce.

“Ɗaga murya, na baya ba su ji ba.”

“Takarda ce, Master ji.”

“To takardar da ba ta da tsarki ba ta shiga wannan mota, kuma guba ba ta zama a gidan Guru. Zan rage muku shara.”

Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Baktawar ya rufe littafin. Ya zagaya keken yana tattaɓa damunan kamar mai sayen buhun alkama, ya tsaya, ya cusa hannu ƙasan na ƙarshe, ya jawo koren bango.

“Waɗannan fa, Jija ji? Su ma ka buɗe musu taga?” Ya buɗe, shafi cikakke. “Na san su. Mahaifinmu, Bapu ji, ya saya mata. Ni na ɗauko su a kaina zuwa gidanku ranar biki, wuyana ya yi kwanaki yana ciwo.”

Ya daɗe yana kallon shafin. Turancin ba ya karantuwa gare shi, amma ya san hannun yayarsa. Ya matso, kuma a karon farko tun da na san shi ya rage murya.

“Ji nan. Waɗannan ba ruwana da su, littattafan kirki ne. Zan sa a naɗe su a ajiye a ɗakin ƙasa, ka riƙa zuwa kana karantawa. Ka bar mini waɗancan masu ramukan, in san yadda zan yi da su ba tare da mota ba. Ba wanda zai ji kunya.”

Na dubi koren bangon. Gefensa ya yi baƙi daidai inda babban yatsanta yake kamawa. Na dubi keken, cike da mutanen da ta kira jakai, waɗanda ba wanda zai sake bugawa, ba kuma wanda zai yi musu kuka. Littafin kirki ba ya rasa mai tsaron sa. Haka na gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Wata gaskiyar ita ce na ga fuskar Baktawar tana jiran in ce na gode.

“Ka ce duk abin da ke da baiti zai tafi,” na ce da ƙarfi. “Jama'a sun ji. Ɗauka, Shugaba. Wuyanka ya san nauyinsu.”

Ya ɗauka. Ya naɗe su da siliki, ya ɗora a kan rawaninsa, ya taka zuwa motar a hankali, ana yayyafa ruwa a gabansa. Hawaye na bin gemunsa. Mata suka yi ta cewa dubi yadda yake son yayarsa. Mai yiwuwa ne. Ban tsaya tantancewa ba, mai keke yana ta ƙorafin rana.

Yanzu ɗakin sama masaukin baƙin mawaƙa ne, da na'urar sanyaya ɗaki, da allon marmara a ƙofa ɗauke da sunan Bibi Swaran Kaur, mai son ilmi. Baktawar ya sake cin zaɓe. In mun haɗu a wurin takalma yakan ce “Jija ji”, in ce “Shugaba”, kowa ya nemi nasa.

Littattafan suna ɗakina, a kan kantar da ke saman gwangwanin shinkafa. Da rana nakan buɗe ɗaya. Furofesa zai yi ta jan hujja har ya ce ga abin da baitin ya faɗa, sai rami, ana hango shafi na gaba ta ciki. Ba yadda za a bi maganarsa sai da baitin, baitin kuma tun ina yaro aka zuba mini shi a ka. Sai in ji bakina yana cike ramin, da sunan da na rantse ba zan ƙara kira ba, sau nawa a shafi guda. Ba na jin daɗin haka ko kaɗan. Ban kuma gaya wa kowa ba, kada ya kai kunnen Baktawar ya ce shi ya shiryar da ni.