Ranar da Baba Bai Kira Ba

Matar da ke kan layi ta zagi hukumar ruwa tun daga mai gadi har shugaba, ta koma farko ta sake ɗaukowa, Anti Waya kuwa sai "to" take cewa tana rubutu. Bututu ne ya fashe a bakin titi, ruwa ya shige wa matar shago. Da ta ji matar ta tsaya numfasawa, sai ta karanta mata ƙorafin da adireshin kalma bayan kalma, kamar yadda dokar teburin ta tanada, sannan ta yi shiru har matar ta gaji ta kashe wayar da kanta. Anti Waya ba ta taɓa riga mai kira ajiye waya ba. Wannan ba ya cikin dokar ofis, nata ne na kanta.

Teburinta ne na farko in ka shigo hukumar da ke sa ido kan ruwan shan jama'a. Ita ke amsa waya, ita ke tsara motocin da ke zagaya gari suna ɗebo ruwa a ƙananan kwalabe don a gwada, ita ke tuna wa Darakta taro, ita ke lallaɓa na'urar buga takardu in ta yi gardama. Ba ta taɓa riƙe sifana ba, kuma ba ta da'awar sanin maganin da ake zuba wa ruwa. Amma makon da zazzaɓi ya kwantar da ita, ofishin nan sai da ya koma kasuwa.

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Hantsi ya yi nisa, Baba bai kira ba.

Baba tsohon tela ne da ke zaune shi kaɗai a can gefen gari, bayan babban tanki. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wata ƙasa yana neman abinci. Kullum da safe, da ya sha ruwansa na farko, sai ya bugo ya ba da rahoto. Yau ruwan yana warin magani. Yau ya yi sanyi fiye da ƙima, haƙoransa ba na yaro ba ne. Yau famfon ya yi ta tari kafin ya kawo. 'Yan ofis sun raɗa masa Sarkin Ɗanɗano, kuma da wayar ta yi ƙara a wannan lokacin sai wani ya leƙo ya ce wa Anti Waya saurayinta ne. Kowa ya san ruwan Baba lafiyarsa ƙalau, an gwada har an gaji. Ita ma ta sani. Duk da haka kullum sai ta tambaye shi adireshi, shi kuma sai ya gyara murya ya zayyano mata: gida mai jar ƙofa, bayan tanki, daura da mai gyaran keke. Ta karanta masa ƙorafinsa, ya ce, "Haka ne, 'yata," ya sa mata albarka ya ajiye. Ba su taɓa ganin juna ba.

Ta buga lambarsa, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta amsa wani kiran, ta sake bugawa, shiru. Ta ce wa kanta tsoho ne, ƙila barci ya kwashe shi, ƙila ya fita siyan zare. Zuciyarta ta ƙi karɓar ko ɗaya, domin mutumin nan ko ranar da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya sai da ya kira ya ce na famfo ya fi na sama daɗi. Ta buga wa masu agajin gaggawa. Suka saurare ta da mutunci, amma suka ce motocinsu duk suna waje, kuma tsoho bai ɗaga waya ba bai isa a janye mota daga wurin hatsari ba, sai in an samu wanda ya gan shi da ido.

Mutum ɗaya ne kawai zai iya zuwa ya gan shi da ido, kuma ita ta tsara masa hanya da hannunta. Dogo, direban motar gwaji, yana can ɓangaren. A bayan motarsa akwai kula cike da ƙanƙara da kwalaben ruwan wata makarantar firamare. An rufe famfunan makarantar tun da aka wanke tankinta, ana jiran sakamakon gwajin nan kafin a buɗe. Ruwan gwaji kuwa ba ya jira, in bai isa ɗakin gwaji kafin rana ta take ba, ya lalace, sai dai a zubar a sake ɗebowa gobe. Ke nan yara su ƙara kwana ɗaya suna tahowa da gora daga gida. Duk ta san wannan, ita ce ma shugaban makarantar ke bugowa yana yi wa magiya.

Ta kira Dogo. Da ya ji abin da take so, sai ya yi dariya ya ce ashe soyayyar ta kai a tura ɗan aike. Da ya ji ba ta taya shi dariyar ba, sai ya nutsu ya ce gidan yana bayansa, in ya juya zai shiga cunkoson kasuwa, kuma ƙanƙarar ta fara sakin jiki.

"In Darakta ya tashi cin mutum, wa zai ci?" in ji Dogo.

"Ni zai ci. Ni na aike ka, kuma yanzu zan shiga in gaya masa. Juya, don Allah."

Ba ta jira a gano ba. Ta gyara mayafinta, ta ƙwanƙwasa ƙofar Darakta, ta tsaya a gabansa ta faɗi abin da ta yi ba ƙari ba ragi. Darakta ba mugu ba ne, mutum ne da ke ɗauke da ruwan gari guda a kansa, kuma ranar ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya cire tabarau ya wanke ta tas. Ya ce motar gwamnati ba ta gaishe-gaishe ba ce, ya ce ta auna tsoho ɗaya da bai ɗaga waya ba da yaran makaranta guda, ya ce da ta zo ta tambaye shi kafin ta yanke hukunci. Ta ce da ta tambaya ai hana ta zai yi. Nan ya ƙara hawa. Ya rantse in har aka tarar da tsohon yana zaune yana shan iska, daga gobe ta bar teburin waya, ta koma ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ko ɓera sai ya yi sallama ya rasa mai amsawa.

"Na ji, ranka ya daɗe," ta ce, ta fito.

Ta koma ta zauna. Tsoro take ji sosai, don teburin nan shi ne rabin rayuwarta tun da 'ya'yanta suka girma suka watse. Abin da ya fi damunta shi ne ta rasa me za ta roƙa. In Baba lafiyarsa lau, ta rasa teburinta. In kuwa ta tsira da teburin, to wani abu ya sami Baba. Ta dubi wayar, ta dubi tsohon kofin shayinta, ta ce a ranta gara fayilolin, Allah Ya sa a tarar da shi yana shan iskar. Daga nan ta ci gaba da aiki. Wani ya kira yana neman sanin dalilin da ruwansu ya yi fari kamar an zuba madara, ta yi masa bayanin iska ce, ya bar shi a kofi ya kwanta. Wata ta kira ta yi kuskuren lamba, ashe asibitin dabbobi take nema, ta nemo mata lambar.

Sai ga kiran Dogo, yana haki. Ya ce ya tarar da jar ƙofar a kulle ta ciki, rediyo na magana, ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa har titi. Shi da mai gyaran keke suka sa kafaɗa suka ɓalle ta. Baba na kwance a tsakar gida kusa da famfo, santsi ya kwashe shi tun da sassafe, ƙugunsa ya karye, jikinsa ya yi sanyi ƙalau cikin ruwa. Wayarsa na kan benci, yana ganinta tana haske, hannunsa bai kai ba. Yana numfashi, har ya buɗe ido ya ce a rufe famfon nan, ɓarna ce. Dogo ya ce ba zai jira wata mota ba, sun shimfiɗa shi a baya kusa da kular, asibiti za su.

Anti Waya ta kifa kanta a kan teburi ta yi kukanta kaɗan, ta share fuska, ta sake shiga wurin Darakta. Ya saurara bai katse ta ba. Ya daɗe yana juya tabarau a hannu, sannan ya ce Allah Ya ba tsohon lafiya, teburi kuma nata ne. Amma kwalaben sun lalace, kuma ba shi zai gaya wa shugaban makaranta ba, wadda ta juya mota ita za ta yi. Ta ce daidai ne. Ta fito ta buga, ta faɗi gaskiya, ta sha faɗan da ya fi na Darakta zafi, domin shi shugaban makarantar ya riga ya yi wa yara alkawarin gobe. Ba ta kare kanta ba, ta ba shi haƙuri, ta sa makarantar a farkon zagayen Dogo na safe, ta roƙi ɗakin gwaji su fara da ita. Ta jira har ya huce ya ajiye wayar.

Da yamma ofis ya fara watsewa. Dogo ya dawo da kula cike da ruwan ƙanƙara, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce saurayin nata kam akwai nauyi. Mai shara ta fara ɗora kujeru kan tebura. Anti Waya ta rataya jakarta ke nan wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wata ma'aikaciyar jinya ce, ta ce akwai wani dattijo a nan da ya hana su sakat, ya haddace lambar nan, ya ce sai an kira masa hukumar ruwa.

Muryar ta zo a dushe, a hankali. "'Yata, ruwan asibitin nan ba shi da ɗanɗano ko kaɗan. A rubuta."

Ta ajiye jakar ta zauna, ta jawo biro.

"Adireshi, Baba?"

Ya gyara murya kamar kullum. Ɗakin maza, gadon da ke bakin taga, daura da wani mai minshari. Ta rubuta, ta karanta masa kalma bayan kalma. Ta jira ya ce haka ne, ya sa albarka ya ajiye, amma maganin da aka ba shi ya riga ya ɗauke shi, sai numfashinsa take ji yana shiga yana fita a nitse.

Mai shara ta zo ta tsaya da tsintsiya, ta nuna mata agogo. Anti Waya ta ɗaga ƙafafunta sama don a share ƙarƙashin teburin, wayar na manne a kunnenta.

"Ki share abinki," ta raɗa mata. "Bai ajiye ba tukuna."