Kotun Almu Mahauci

Makarantarmu ta yamma a Tambuwal ba ta da ginin kanta. Ajin 'yan firamare muke ara bayan La'asar, mu cusa jikinmu a bencin yara, gwiwa na neman haɓa, har a kira Magariba. Kowace rana da darasinta: siyasa, shari'a, rubutu, zane, addini. Dukkanmu magidanta ne, wasu har da jikoki. Ni Ɗan'iya tela na shiga ne don in daina riƙe awon mutane a ka, ina ɗinka wa dogo wandon gajere. Amma abin da ya zaunar da ni kallo ne. Ban san abin da ya kai daɗin ganin ƙato mai gemu yana gumi a kan harafi guda ba.

Shi Mu'awiya ba kallo ya kawo shi ba. Manomi ne daga Dogon Daji, kullum a kan babur yake zuwa, ƙafa duk laka. Ya gaji fadama mai rijiya da itatuwan mangwaro wurin mahaifinsa, marigayi Na'iya, kuma albasar da yake nomawa a cikinta ita ke riƙe da gidansa. Rannan sai maƙwabcin gonar, wani tsoho Sambo, ya wayi gari ya ce ai aro kakansa ya ba su, yanzu yana son abarsa. Aka je kotu. Sambo ya zuba zance son ransa. Da alƙali ya juyo ya tambayi Mu'awiya me zai ce, sai gogan naka ya dubi furfurar Sambo, mutumin da ya ci naman sunansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi ba shi haƙuri." Alƙali ya ɗage zaman, ya kuma gaya masa ƙarara cewa in ya dawo ba shi da ta cewa, da abin da aka ji za a yanke hukunci.

Malamin shari'armu wani matashin lauya ne, Barista Siddiƙ, yana shigo bas daga Sakkwato ranar darasinsa. Da ya saurari labarin sai ya ce, "Malam Mu'awiya, hujja kana da ita. Baki ne babu." Ya ɗauki aniyar gyara bakin. Kuma abin ya fara kyau, don har Mu'awiya ya soma ɗaga hannu a aji.

Ana cikin haka wata yamma muka ji sallama da ƙarar sanda a bakin ƙofa.

"Nan aka koya ma mutane gardama?"

Malam Namadi ne, tsohon manomi kuma mai shanu daga Fakku ta ƙasar Kebbe. Ya bar wa 'ya'yansa gona da garke ya dawo gidan babban ɗansa a Tambuwal, zaman banza ya ishe shi, ya ji ana darasin siyasa. Mu'awiya na jin muryar ya zabura ya zame daga benci, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Zahara'u, matar Mu'awiya, 'yar Malam Namadi ce.

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce to mene ne a ciki. A wurinmu suruki ba abokin zama ba ne. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci yana gani, ba ka zama daidai da shi, in ka hango shi a hanya ma ka sake hanya ya fi maka sauƙi. Shi ma ba ya kama sunanka. Shekara da shekaru Malam Namadi bai taɓa cewa Mu'awiya ba, sai dai "mijin yarinyag ga".

Daga ranar Mu'awiya ya koma zaman ƙasa a bakin ƙofa, littafi a cinya. Barista ya tambayi dalili, ya ce bayansa ke ciwo. Mu kuwa muka yi gum, kowa ya san gaskiya, ba wanda ya ga amfanin ɓata wa kansa nishaɗi.

Nishaɗi kuwa mun sha shi. A darasin rubutu in Malam Namadi ya rubuta harafi a juye, Mu'awiya ma sai ya goge nasa ya juya shi, don kada a ce ya fi surukinsa. A darasin siyasa tsohon ya dage cewa kansila ya fi ciyaman tunda shi ake gani a gari, aka ce wa ya yarda, hannu ɗaya ya tashi daga bakin ƙofa. Ranar zane Malam Namadi ya zana wani abu a allo mai ƙafa huɗu da bayansa shimfiɗe, duk aji muka rantse teburin mai shayi ne. Malamin zane ya ce Mu'awiya ya raba gardama. Ya ɗaga kai kaɗan, ya mayar.

"Bijimin sa na," in ji shi. "Kuma ya yi ƙiba."

Na yi dariya har na ƙware. Amma da muka fito na ga fuskarsa, sai na daina dariyar.

"Ɗan'iya, barin makarantag ga nika yi," ya ce yana kwance sarƙar babur. "Ƙaƙa zan buɗe baki gaban uban matata?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. "To bari mana! In Sambo ya amshe fadama, kunya za ka tuƙa ma ɗiyanka su ci?"

Na dai samu ya yi alkawarin zai zo darasin shari'a na gaba, wanda shi ne na ƙarshe kafin a koma kotu.

Ranar Barista ya shigo da fara'arsa ya ce yau kotu za mu yi, kuma shari'ar Malam Mu'awiya za a gwada. Aka jawo teburin malami tsakiya. Almu mahauci ya ce shi ne alƙali tun kafin a tambaya, ya haye kujera yana ƙamshin kitse, ya karkata hula, ya ɗauki abin goge allo ya buga a tebur har ƙura ta turnuƙe shi.

"Saura Sambo," in ji Barista. "Wa zai tsaya mana a matsayinsa?"

Sanda ta tashi sama. "Ni," in ji Malam Namadi. "Furfura ina da ita, ba sai an aro ba."

Na dubi Almu, Almu ya dubi rufi. Ya kamata wani ya ja Barista gefe ya yi masa bayani, amma kowa na jiran wani ya yi, har lokaci ya wuce. Aka tsayar da Mu'awiya gefe guda, ba takalmi, ido a ƙasa.

Malam Namadi ya gyara murya. "Ranka shi daɗe, fadamag ga tamu ta tun kakanni. Aro munka ba su, don tausai."

"Wanda aka ƙara, mi kac ce?" in ji Almu.

"Baba ya fi ni sani."

Barista ya dafe kai. "Malam Mu'awiya, wannan fa abokin shari'arka ne. Ka musa!"

Mu'awiya ya ƙara sunkuyar da kai. Tsohon kuwa abin ya fara yi masa daɗi. Ya jingina da sanda ya ce mangwaron nan duk shi ya dasa su, har ya san kowanne da sunansa. Rijiyar ma shi ya gina, shi kaɗai, cikin azumi, kuma ranar yana fama da ciwon haƙori. Ya ce albasar da ke fita daga gonar ma saboda albarkar kakansa take girma. Mutane suka dinga faɗuwa daga benci don dariya, Almu na buga tebur yana dariyar shi ma. Mu'awiya na tsaye, jijiyar wuyansa ta fito, amma bakin nan a rufe.

Sai Malam Namadi ya daina murmushi. Ya juya ya dubi mijin 'yarsa ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Uban yaron ga ko, na san shi sarai. Raggo na. Bai taɓa kai hantsi da hauya ga hannu ba. Kwana shika yi gindin mangwarona, in maraice ya yi in tsinko albasa in ba shi sadaka shi kai gida. Da ba don ni ba, da yunwa ta kashe su."

Dariya ta ɗauke. Ni kaina sai da na ji zuciyata ta tafasa, don duk wanda ya san Na'iya ya san aiki ne ya tanƙware masa baya. Na ce a raina wannan tsoho ya wuce wasa, mugunta ce kawai.

"Ƙarya kaka yi!"

Muryar ta cika ajin har awakin da ke kiwo a fili suka ɗaga kai.

"Baba, wallahi ƙarya kaka yi! Rijiyag ga ubana yag gina ta. Ƙasa ta rufta mai har ƙugu, Sirajo magini yaj jawo shi, kuma Sirajo na nan da rai, a kirawo shi! Mangwaro daga Jega yas sawo dashe. Iyaka kuwa aduwa ta, da gambad da kakana yad dasa, makiyaya ma sun san ta!"

"Kai yaro, ni kaka..."

"Ban gama ba! In aro ta, wa yab ba da? Gaban wa? Ina shaidu? Don mi ba a neme ta ba sai da ubana yak kwanta dama? Kun jira shi tafi don kun san ba ku iya faɗin haka gabanai!"

Ya matso har gaban tebur yana nuni da yatsa. Ya kawo sunan mai unguwar da aka raba gado a gabansa, ya kawo maƙwabtan gabas da na yamma, ya kawo shekarar da ruwa ya cinye shuka ubansa ya sake dasawa. Duk inda tsohon ya ɓullo sai ya tare shi. Ashe duk wannan yana cikinsa, mu muna yi masa kallon salihi.

Almu ya manta wasa ake. Ya miƙe tsaye ya buga tebur ya ce fadama ta Mu'awiya ce, shi kuma wannan tsoho a yi masa bulala a tura shi gidan yari. Sai da Barista ya tuna masa ba shi da wannan iko. Barista kansa tafi yake kamar ya ci zaɓe.

"Haka nake so! Malam Namadi, kai ma ka iya. Kamar ka san inda ke masa ciwo."

"Ai dole shi sani," in ji Almu yana gyara hula. "Ɗiyatai Mu'awiya ka aure."

Barista ya tsaya da hannu a buɗe, tafin bai ƙarasa ba. A lokacin ne Mu'awiya ya farga. Ya dubi yatsansa da ke nuna surukinsa, ya dubi jama'a, ya yi salati, ya fice a guje. Muka leƙa ta taga muka gan shi durƙushe a gindin darbejiya, kai tsakanin gwiwoyi. Na san abin da yake tunani: ga fadama bai tabbatar ba, ga shi ya ƙaryata uban matarsa a bainar jama'a, wataƙila kafin ya isa gida an zo an tafi da Zahara'u. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Aka kira Magariba, muka fito kowa na neman buta. Malam Namadi ya taho yana dogara sanda, ya bi ta gindin darbejiyar, ko kallon wanda ke durƙushe bai yi ba. Kunya ta koma inda take. Sai da ya zo daidai ni ya tsaya, ya ɗaga murya fiye da yadda kunnena ke buƙata.

"Tela, ka faɗa ma mijin yarinyag ga, Na'iya ya fi ni noma, ya fi ni gaskiya. Sai da nir roƙi gafaratai ga zuci kafin in buɗe baki. Allah shi jiƙan shi."

"Amin, Baba," na ce.

"Ka kuma ce mai, ranar kotu ina zuwa. In ya dubi Sambo harshe ya ɗaure, shi waigo shi dube ni. Wanda yac ce ma surukinai ƙarya kaka yi gaban jama'a, ba shi da sauran wanda zai ji ma kunya. Jikokina ka cin fadamag ga, ba ni son jin wani zance."

Na juya in isar da saƙo, ko da yake mai saƙon na nan kusa da mu, ya ji komai. Ya kife fuska cikin hularsa. Da ƙyar ya share ido, bai ɗaga kai ba.

"Ɗan'iya," ya ce, "ka ce ma Baba shi zamna inda nika ganinai."