Wadda Ba Ta Rufe Ido Ba

Ƙa'idar fita bishara a ƙungiyar matan cocinsu ba ta canzawa: a tafi biyu-biyu, babba ta yi magana, ƙarama ta rufe ido tana addu'a a zuci har a gama. Matar makaniki ce ƙaramar, fitarta ta farko ke nan, da jariri goye a baya. Babbar kuwa Mama Shugaba ce, wadda ta shekara ashirin tana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.

"'Yata, duk wanda ya ga haɗari ya yi shiru, alhakin yana wuyansa," in ji Mama suna hawa matakalar bene. "Shi ya sa muke fitowa. Ke dai naki rufe ido. Ban da tari, ban da gyaran murya."

"To, Mama."

A ƙofa ta huɗu wata mai ɗinki ta buɗe musu, da tef rataye a wuya. Don kunya ta ba su benci, ta koma kan kekenta tana satar kallon rigar da ba ta gama ba. Mama ta gyara zama ta fara wa'azi.

Matar makaniki ta rufe ido. Sai dai tun da ta haihu idon nan bai ƙara rufuwa duka ba, ko a barci. Kunnenta ya jiyo ƙarar ruwa yana tafasa. Ta nemi gafarar Ubangiji, ta ɗan buɗe na hagu.

Bokiti ne a ƙasa bayan labule, an tsoma masa hita, wayar hitar duk an ɗaure ta da leda. 'Yar mai ɗinki, wadda ba ta wuce wata goma ba, tana rarrafawa wajen, har da dariyarta.

Mama ta kai wurin da ta fi so. "Ba wanda ya san ranarsa, 'yar'uwa! Yau kina nan, gobe..."

Matar makaniki ta tsallake jakar Mama, da goyonta a baya, takardun bishara suka watse. Ta cafko yarinyar ta ƙugu daidai lokacin da yarinyar ke miƙa hannu ga bokitin, ta kashe soket.

"Haba baiwar Allah! Hita a ƙasa, ga mai rarrafe? Ki ɗora bokitin a tebur. Wayar nan kuma ki ba ni, maigidana ya gyara miki."

Mai ɗinki ta rungume 'yarta.

A kan matakala Mama ta yi ta faɗa. "Saura kaɗan ta tuba kika katse ni! Wa ya ce ki buɗe ido?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Na hagun ne kawai."

Ranar Lahadi sai ga mai ɗinki a bencin baya, da 'yarta a cinya. Da fasto ya tambayi baƙi wa ya gayyace su, Mama har ta fara miƙewa tana gyara ɗankwali.

"Ban san sunanta ba," in ji mai ɗinki. "Wadda ba ta rufe ido ba."

Mama ta tsaya rabi a tsaye. Sannan ta ƙarasa miƙewa, ta juya ga jama'a.

"Ai ni na koya mata," ta ce. "A kan matakala."